Sashen duba nono a asibitocin koyarwa: abin da ya yi kyau, da inda ake barin mace a hanya

Duk macen da ta ji ƙullutu a nononta, ko ta ga kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita daga gare shi, shawararmu ita ce ta nufi sashen duba nono na asibitin koyarwa mafi kusa da ita, ko da kuɗin motar zai cije ta. Akwai wannan hidima a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da asibitocin koyarwa na tarayya da ke Gombe da Katsina, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Galibi tana ƙarƙashin likitocin tiyata, kuma akwai ranar da aka ware mata a mako. Hidima ce mai kyau a hannun mutanen da suka san aikinsu. Amma doguwar hanya ce mai tasha da yawa, kuma a tsakanin tashoshin nan ne mata ke ɓacewa. Wadda ta san hanyar tun kafin ta fito daga gida ta fi samun damar kaiwa ƙarshenta.

Dalilin da ya sa batun ya dame mu a fili yake. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekara guda, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wato kusan rabi. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na masu cutar suna nan da ransu bayan shekara 5. Cutar ɗaya ce. Bambancin shi ne lokacin da aka gano ta, da kuma ko an kammala magani.

Tasha ta farko ita ce kati da layi, kuma ba mu da yabo mai yawa a nan. Za ki yanki kati, a buɗe miki folda, wani lokaci ki fara ganin likitan sashen marasa lafiya na yau da kullum kafin ya tura ki wurin likitocin tiyata. Idan kin zo da takardar turawa daga babban asibitin garinku, kin rage wa kanki kwana ɗaya ko biyu. Ki yi sammako. Ki sa riga da zani ko riga da siket, kada ki sa doguwar riga, domin sama kawai za ki cire. Ki riƙe ranar da kika fara al'adarki ta ƙarshe a kanki, da sunan duk maganin da kike sha, har da na tsarin iyali, da kuma ko mahaifiyarki, ko 'yar'uwarki, ko gwaggo, ko inna ta taɓa yin ciwon nono ko na ƙwan mahaifa. Za a tambaye ki duk wannan. Dangin uba ma suna cikin lissafi, ba na uwa kaɗai ba.

Abin da ya fi komai daraja a wannan sashe shi ne hannun likita. Mutane na raina shi saboda ba na'ura ba ce, har wasu su ce ai "taɓawa kawai ya yi". To taɓawar nan aiki ce. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata kimanin 150,000 har shekara 20, rabinsu ma'aikatan lafiya mata da aka horar suna duba su da hannu duk bayan shekara 2. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna ana gano cutar tun ba ta yi nisa ba, kuma a cikin matan da suka kai shekara 50 mace-mace ta ragu da kusan 30 cikin 100. Babu injin ko ɗaya a wannan aiki.

Ga yadda dubawa mai kyau take, don ki gane idan an yi miki ta gaggawa. Za ki fara zama, hannuwa a gefe, likita ya kalli nonuwan biyu ya gwada su da juna. Sai ki ɗaga hannuwa sama, sai ki dafa ƙugu ki matsa. Abin da yake nema shi ne wurin da fata ta lotsa, ko ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, ko kan nono ya karkace. Daga nan ki kwanta, hannu a bayan kai, ya bi nonon da cikin yatsunsa uku na tsakiya, daga ƙashin wuya har ƙasan nono, daga tsakiyar ƙirji har hammata. Zai duba hammata da saman ƙashin wuya don kaluluwa. Nono biyu ake dubawa ko da ɗaya ne ke damunki. Idan an duba ki ta saman riga, ko a tsaye kawai, ko ba a taɓa hammatarki ba, ba a gama ba, kuma babu rashin kunya in kin ce, "Likita, hammatar fa?"

Batun kunya kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a yi wa mace dariya a kai ba. Likitocin tiyata maza sun fi yawa, gaskiya ce. Haƙƙinki ne nas mace ta tsaya a ɗakin, a ja labule, a rufe miki inda ba a dubawa. Kina iya tambaya ko akwai likita mace a ranar. Asibitin koyarwa ne, don haka ɗalibai kan shigo, kuma kina iya cewa a rage su. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a koma gida a jira wata uku saboda ba a sami mace ba. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa lalura na halatta namiji ya duba mace idan babu wata hanya.

Tasha ta biyu hoto ne, kuma a nan ruɗani yake da yawa. Hoto iri biyu ne. Akwai sikanin, irin wanda ake yi wa mai ciki, da man shafawa mai sanyi da ɗan abin da ake gogawa a fata. Akwai kuma mamogiram, wanda hoton eksire ne na nono. Macen da ba ta kai shekara 35 zuwa 40 ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa, sikanin ya fi dacewa da ita, domin nonon mai ƙuruciya cike yake da tsoka mai kauri wadda ke fitowa fari a mamogiram, ƙullutun ma fari yake fitowa, sai ya ɓuya a ciki. Wadda ta haura 40 kuwa mamogiram ake fara yi mata, sau da yawa a haɗa da sikanin. Sikanin ne ke bambance ƙullutu mai ruwa a ciki da mai tsoka. Mamogiram kuma yana ganin ƙananan ɗigo-ɗigo kamar garin alli da hannu ba ya ji, sikanin ma bai cika gani ba.

Mamogiram ba ya ɗaukar lokaci, minti 15 zuwa 20 an gama. Ana sa nono tsakanin faranti biyu a matse shi, hoto biyu kowane ɓangare, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace don a kamo wajen hammata. Matsewar na da zafi, ba za mu ɓoye miki ba, amma daƙiƙoƙi ne kawai, kuma ita ce ke baje tsokar hoton ya fito sarai. Zafin ya fi sauƙi a makon da ya biyo bayan al'ada. Ranar hoton kada ki shafa hoda, ko turaren hammata, ko alimun, ko man shafawa a ƙirji da hammata, domin ɓurɓushinsu kan fito a hoto kamar ɗigon da ake nema, a tayar miki da hankali a banza. Hasken da ke shiga jiki kaɗan ne ƙwarai, kwatankwacin wanda mutum ke samu daga ƙasa da iska cikin mako bakwai yana zaune a gidansa. Idan kina zaton kina da ciki, ki faɗa kafin a fara.

Inda wannan tasha ke gazawa shi ne lalacewar na'ura da rashin wuta, sai a ce ki je waje ki yi. Ba laifi ba ne yin hoto a waje, amma ki tambayi likitanki inda ya amince da shi. Shagunan sikanin sun cika gari, kuma da yawansu da sandar duba ciki suke duba nono, alhali nono yana buƙatar tasa sandar mai shimfiɗaɗɗen baki, wadda aka yi don ganin abin da ke kusa da fata. Sannan ki tabbata likitan hoto ne zai rubuta rahoton. Alamar rahoto mai kyau ita ce a ƙarshensa za ki ga an rubuta BI-RADS da lamba. Lamba 0 na nufin hoton bai isa ba, a ƙara wani. Lamba 1 babu komai, 2 akwai abu amma marar illa ne. Lamba 3 kusan tabbas marar illa ne, yiwuwar daji ba ta wuce 2 cikin 100 ba, amma a sake hoto bayan wata 6. Lamba 4 da 5 dole a ɗebi tsoka, kuma a 5 yiwuwar ta kai 95 cikin 100. Takardar da ta ce kawai "an ga ƙullutu", ba girma, ba wuri, ba lamba, asarar kuɗi ce. Ki karɓi hoton kansa ko faifansa ki adana, domin da shi za a gwada na gaba.

Yanzu ga tashar da muka fi so a tsaya a kai, wato ɗibar tsoka. A nan ne aka fi rasa mata, kuma dalilin sananne ne: maganar nan da ta zauna a zukatan mutane cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Mun san inda maganar ta samo asali. Mata da yawa sai ciwo ya ci jiki suke zuwa, a taɓa su, su rasu bayan 'yan watanni, sai dangi su ce ƙarfe ne ya kashe ta. Ba ƙarfe ba ne, cutar ta riga ta isa huhu ko hanta ko ƙashi kafin ta shigo ƙofar asibiti. Allurar ɗibar tsoka ba ta watsa daji. Kuma babu hannu, babu hoto, babu gwajin jini da zai iya tabbatar da cewa ƙullutu daji ne ko ba daji ba ne, sai an sa tsokarsa a ƙarƙashin madubin likita. Mafi yawan ƙullutun nono ma ba daji ba ne, musamman a 'yan mata, inda aka fi samun mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa. Ɗibar tsokar ce za ta ba ki wannan kwanciyar hankalin da hujja.

Yadda ake yi ba abin tsoro ba ne. Ba a sa ki barci. Za a goge wurin, a yi allurar kashe zafi, a ɗan tsaga fata kamar tsawon ƙwayar shinkafa, a shigar da allura mai rami. Za ki ji ƙara "ƙas" kamar an harba tarko, kada ki firgita, na'urar ce ke yanko siririyar tsoka. Ana ɗibar kamar guda 3 zuwa 5. Idan ƙullutun ƙarami ne ko yana can ciki, gara a yi ana kallo da sikanin don kada allura ta kauce. Bayan an gama a danne wurin minti 5 zuwa 10, a manna filasta, kada ruwa ya taɓa shi kwana ɗaya zuwa biyu. Wurin zai yi duhu na 'yan kwanaki, farasitamol ya isa. Idan kina shan asfirin ko maganin tsinka jini, ki sanar tun kafin ranar.

Akwai wata hanyar da ake amfani da siririyar allura a zuƙo ƙwayoyi kawai. Ta fi araha da sauri, tana da amfaninta, amma idan ana zargin daji mun fi son mai yanko tsoka, domin ita ce ke nuna ko cutar ta keta bututun nono ta shiga tsokar da ke kewaye, kuma a kanta ake yin gwajin da ke zaɓar magani.

Kwalbar da aka sa tsokar a ciki, nan ma akwai magana. A wurare da yawa ɗan rakiya ake miƙa wa ita a ce ya kai ɗakin gwaji. Dole tsokar ta shiga ruwan fomalin, sinadarin da ke hana ta lalacewa, cikin awa ɗaya da cire ta, ruwan ya ninka ta kamar sau 10, ya rufe ta ruf. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba, ba busasshiyar kwalba ba. A kai ta ranar, kada a bar ta cikin mota a rana, kada a ajiye ta a gida sai an sami kuɗi ranar Litinin ta sama. Lokacin da ya dace ta zauna a fomalin kafin a sarrafa ta shi ne awa 6 zuwa 72. Tsokar da ta lalace tana iya ba da sakamakon ƙarya, a hana mace maganin da zai yi mata aiki. A duba sunan da ke jikin kwalba ya yi daidai da na takarda, a karɓi lambar ɗakin gwaji a rubuta ta a wuri biyu.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke fifita asibitin koyarwa a kan ƙaramin asibitin unguwa. Abin da ke faruwa a wasu ƙananan wurare yana da ciwo: a ce wa mace "ɗan ƙari ne, bari mu cire miki", a cire, a nuna mata shi a faranti, a jefar. Ta tafi gida tana murna, bayan wata shida ya dawo ya fi da, kuma babu wanda ya san ko mene ne aka cire. Duk abin da aka yanka daga nono, komai ƙanƙantarsa, ɗakin gwaji ya kamata ya tafi. Likitan da ya ce ba sai an kai ba, ki ɗauki mayafinki.

Jiran sakamako shi ne raunin wannan hidima mafi girma. Aikin da kan iya kammaluwa cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan ja ya kai wata ko fiye, saboda ƙarancin likitocin gwajin tsoka, ko ƙarewar sinadarai, ko yajin aiki. Kuma ba kasafai ake kiran mace a waya ba, ita ce za ta bi sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'auni uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na 1 ko na 2, a kammala dubawa da hoto da gwajin tsoka cikin kwana 60 daga zuwan farko, kuma 80 cikin 100 su kammala magani. Ki riƙe wannan kwana 60 ɗin a matsayin ma'auninki. Ki rubuta ranar da kika fara zuwa a bayan katinki. In an doshi kwana 40 babu sakamako, ki koma wurin likitan da ya ɗebi tsokar ki nuna masa ranar.

Idan sakamako ya nuna daji ne, saura gwaji ɗaya da ake yawan tsallakewa saboda kuɗinsa daban ne. A takarda za ki ga ER, PR da HER2, sunayen alamomi uku da gwajin ke nema a ƙwayoyin ciwon. Shi ke nuna abin da ciwon ke ci yana girma. Idan ER ya nuna akwai, ƙwayar tamoksifen mai nauyin miligiram 20 sau ɗaya a rana, shekara 5 zuwa 10, tana rage dawowar cutar ƙwarai, kuma ba ta da tsada idan aka gwada da sauran magunguna. Idan HER2 ne, akwai allurar tirastuzumab, mai tsada, da ake yi kusan shekara guda. Idan duka ukun babu, kuma irin wannan ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, to kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji, shi ne ginshiƙi, tamoksifen ba zai yi komai ba. Shan sa ba tare da gwajin ba harbi ne cikin duhu. In ɗakin gwajin ba ya yi a lokacin, kina iya neman a ba ki dunƙulen kakin da aka daskarar da tsokar a ciki, ki kai wani wurin. Ba sai an sake huda ki ba.

Girman ƙullutu na da alaƙa da abin da zai biyo baya. Wanda bai wuce santimita 2 ba, kamar ƙwayar gurjiya babba, sau da yawa ana iya cire shi a bar nono, a bi da gashi na na'ura, wato haska wurin da haske mai kashe ƙwayoyin daji. Wanda ya wuce santimita 5, kamar ƙwan kaza, ko ya kama fata, yawanci kemo ake farawa da shi don ya ragu, sannan aiki. Tsoron a yanke nono ne ke sa mata ɓoyewa, alhali ɓoyewar ce ke kai ga yankewar. Kemo kan zo duk bayan mako 3, sau 6 zuwa 8, da gwajin jini kafin kowanne. Gashin kai zai zube, zai kuma dawo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi biyu ko uku, ƙullutu ya narke, a ce an warke a daina zuwa. Bai warke ba, ya dai ragu ne. Gashi na na'ura kuma kwana biyar ne a mako, mako 3 zuwa 5, kuma cibiyoyinsa kaɗan ne a Arewa, irin su Zariya da Sakkwato da Abuja, don haka a nemi shiga layi tun ana cikin kemo, a kuma shirya masauki. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa su sani cewa Nijar ta buɗe nata sashen gashin a cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke Yamai a 2021.

Kuɗi kuwa, kowace taga da nata rasit: kati, hoto, allurar ɗibar tsoka, gwajin tsoka, gwajin ER da sauransu, kowanne daban. Sashen ba ya bayyana wannan tun farko, kuma laifi ne, domin mace ta sayar da akuya ta zo da kuɗin abu ɗaya, sai ta tarar abu biyar ne. Ki roƙi nas ta lissafa miki duka tun ranar farko. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, wanda ya shafi na nono da na bakin mahaifa da na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya kuma fara da asibitoci shida, ciki har da na Shika, da na Gombe, da na Abuja. Ana neman sa ta ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti, kuma sai da takardar gwajin tsoka a hannu. Ga wani dalilin kuma na kada a tsallake ta. Mai inshorar lafiya ta ma'aikata ko ta jiha ta tambayi abin da katinta ya ɗauka kafin ta biya daga aljihu.

Gangamin gwaji kyauta da ƙungiyoyi ke yi a watan Oktoba, irin na Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, ƙofa ce mai kyau, mata da yawa a nan aka fara taɓa su. Amma ƙofa ce kawai. Idan an ji wani abu a wurin, kada ki bar rumfar sai da takardar turawa mai sunan asibiti.

Akwai rukunin matan da muke so sashen ya ƙara kula da su: masu ciki da masu goyo. Nonon mai shayarwa kan kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, da zazzaɓi, wani lokaci ya tara mugunya. Wannan sananne ne, yana jin magani, kuma ba a daina shayarwa saboda shi. Amma idan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mako ɗaya zuwa biyu ja da kumburin ba su sauka ba, ko ƙullutu ya zauna daram bayan an tatse nono, a yi sikanin, in ya kama a ɗebi tsoka. Akwai nau'in daji da ke zuwa da kamannin wannan kumburin sak, ba ƙullutu, sai ja da kaurin fata, kuma yana da saurin gaske. Kada a ce sai an haihu, kada a ce sai an yaye. Ana yin sikanin da ɗibar tsoka da ciki, ana yin aiki, har kemo ana iya bayarwa bayan wata ukun farko. Shayarwa na rage haɗarin cutar, kimanin 4 cikin 100 a kowace shekarar shayarwa, amma ba ta toshe ƙofar gaba ɗaya, uwar 'ya'ya goma ma na iya kamuwa. Sakaya da tsaga da shafe-shafen ƙullin magani masu cin fata ba sa taɓa abin da ke ciki, sai dai su buɗe gyambo a sama. A yi addu'a, a sha rubutu idan ana so, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Maigida, kai ma akwai naka. Sau da yawa izininka da kuɗin motarka ake jira, kuma abin da ke hana ta faɗa maka shi ne tsoron yadda za ka kalle ta bayan aiki, ko tsoron bakin kishiya da dangi. Cutar ba a ɗaukarta ta kwanciya ko cin abinci tare, ba jifa ba ce, ba kuma sa kuɗi ko waya a rigar nono ke kawo ta ba. Ka raka ta ranar karɓar sakamako, domin wanda aka gaya wa labari mai nauyi ba ya riƙe rabin abin da likita ya ce. Maza ma na yin ta, kusan mutum 1 cikin 100 na masu cutar namiji ne.

Abu na ƙarshe da sashen ya kamata ya riƙa yi wa kowace mace kafin ta fita, amma cunkoso kan hana, shi ne koya mata duba kanta. Ki nemi nas ta nuna miki a jikinki, minti biyar ne. Sau ɗaya a wata, kwana 7 zuwa 10 daga ranar da al'ada ta fara, lokacin da nono ya saki. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya da ba za ta manta ba, kamar ranar da aka ga sabon wata. Ki tsaya gaban madubi ki kalla, hannu a ƙasa, hannu a sama, hannu a ƙugu. Sai ki kwanta da ɗan matashi a ƙarƙashin kafaɗa, ki duba nonon dama da hannun hagu, da cikin yatsu ba da tsininsu ba, kina ɗan zagayawa, a hankali, sannan da ɗan ƙarfi, sannan har ki ji haƙarƙari. Kada ki tsinci nono tsakanin yatsu biyu, in kin yi haka komai ƙullutu za ki ji. Ki fi mai da hankali ga ɓangaren sama wajen hammata, can ne ciwon ya fi fitowa. Kuma kada rashin zafi ya yaudare ki, dajin nono a farkonsa galibi ba ya ciwo ko kaɗan.

Idan an duba ki an ce babu komai, hoto ma ya fito lafiya, amma ke har yanzu yatsunki na jin abin a wurinsa bayan al'ada ta gaba, ki koma. Mamogiram kan kuskure wasu, musamman a nono mai kauri. Ki sa yatsanki daidai wurin ki ce wa likita, "Ga shi nan, bai tafi ba," ki nemi a yi sikanin wurin ko a ɗebi tsokarsa.